Kasuwar Magani Ba Kasuwar Goro Ba Ce

Jawabin da ɗaya daga cikin fataken goronmu ya gabatar a taron ƙungiya a Sabo, Badun.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



An ce in yi magana a kan cinikin magani tsakanin ƙasashe, da kiran da ake yi cewa gwamnatoci su cire hannu su bar kasuwa ta yi halinta. Ni ba likita ba ne, fataucin goro na gada. Amma magana ce ta saye da sayarwa, kuma ta shafe mu, don kowa ya san yaranmu nawa ke fita da magariba da tiren magani a ka.

In na je Shagamu sayen goro, sai na sa hannu cikin kwando na fasa na duba ko da sankara. Mai sayen sa a kara zai duba haƙori ya taɓa tozo, in bai yi masa ba ya wuce gaba. To uwar da ɗanta ke zazzaɓi da tsakar dare fa? Ba ta iya fasa ƙwaya ta gane ta kirki ce ko alli ne, ba ta kuma da halin tayawa ta tafi ta dawo gobe. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma a nan kasuwar magani ta rabu da tamu.

Ba zan ɓoye alherin buɗe kasuwa ba. A 1995 aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, aka sa doka cewa kamfanin da ya ƙago magani shi kaɗai ke da ikon yin sa har shekara 20. Ku duba fa, masu cewa a buɗe ƙofa su ne suka sa mata kwaɗo. Maganin ƙanjamau a lokacin ya haura dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya. Da Afirka ta Kudu ta yi dokar neman mai araha, kamfanoni 39 suka kai ta kotu. A 2001 wani kamfanin Indiya mai suna Cipla ya ce zai ba da shi a kan dala 350 a shekara, wato ƙasa da dala ɗaya a rana. A watan Afrilun wannan shekara kamfanonin nan suka janye ƙararsu, a Nuwamba kuma aka zauna a birnin Doha aka yarda cewa ƙasa na da ikon fifita lafiyar jama'arta. A 2002 Nijeriya ta fara raba maganin da ta sayo daga Indiya. Mutanen da aka fid da rai da su suka tashi suka koma kasuwa. Gasar 'yan kasuwa ce ta jawo wannan, Allah ya sani.

Amma ƙofar da mai alheri ya bi, ita ɓarawo ke bi in babu mai gadi. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta soke lasin shigo da kaya, aka karya darajar Naira. Magani ya yi tsada, asibitin gwamnati sai dai a rubuta maka takarda a ce je ka saya, jabu kuwa ya cika kasuwa. A 1990, ina saurayi a shagon mahaifina, yara 109 suka mutu a nan Badun da Jos saboda maganin zazzaɓi na ruwa wanda aka haɗa da sinadari mai guba. A 1993 aka kafa hukumar NAFDAC. Da marigayiya Dora Akunyili ta riƙe ta daga 2001 ta shiga ƙona jabu, sai da aka harbe ta a 2003, harsashi ya huda ɗankwalinta, Allah ya yi da sauran kwana. Duk da haka a 2008 maganin haƙorin yara ya kashe 84 a ƙasar nan. A 2022 yara wajen 70 suka mutu a Gambiya saboda maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya, ƙasar da na gama yabo yanzun nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017, cikin kowane magani 10 a ƙasashe irin namu, ɗaya jabu ne ko mara inganci.

Akwai kuma wani gefen. Yawancin maganin da muke sha daga waje yake zuwa, da dala ake sayensa. A 2023 da aka saki Naira, kamfanin GSK ya ce ya daina sayar da kayansa da kansa a Nijeriya, masu asma da ke cikinmu sun san abin da aljihunsu ya gani. A 2024 gwamnati ta janye haraji a kan kayan haɗa magani don a riƙa yi a gida. A Fabrairun 2025 NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Idumota a Ikko, da Anacha, da Aba, ta kwashe kaya mota-mota. Da yawa daga kayan tiren yaranmu daga irin waɗannan wurare suke fitowa.

Malamai suna nan, in na yi kuskure su gyara mini. A Islamiyya an karantar da mu cewa da kaya suka yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallama, ya yanke farashi, bai yanke ba. Amma shi ne kuma ya sa hannunsa mai albarka cikin tarin abinci a kasuwa, ya taras da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tsawata wa mai shi a kan ha'inci. Ka ga an bar ciniki a buɗe, amma ba a bar shi ba mai dubawa.

Ni kaina an gwada ni. Shekarun baya wani ya same ni da katan-katan na magani, ya ce in sa a ƙarƙashin huhun goro zuwa Arewa, ribar tafiya ɗaya ta fi ta uku. Wallahi sai da na kwana ina lissafi. Da asuba na tuna can ɗin da za a kai, can uwata take, can take sayen maganin hawan jini. Na ce masa ya nemi wata motar.

Don haka ina roƙon ƙungiya abu uku. Na farko, a kira yaran nan masu tire a zauna da su. Neman halal suka fito, kada a kore su da duka, a haɗa musu jari daga asusun ƙungiya su koma wata sana'ar, wanda kuwa ke son harkar a sa shi ya koya a hannun mai kemis mai rajista. Na biyu, iyayenmu mata, a riƙa duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a kankare a aika lambar ta waya. Maganin da ya yini a rana ko na kirki ne ƙarfinsa na iya raguwa, araha kuwa ba ta ado. Na uku, masu motoci da dillalai, kada a ɗauki katan ɗin da ba a san cikinsa ba. Mu baƙi ne a garin mutane, ranar da aka kama ɗaya, sunan Sabo duka za a kira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu daga cin haram, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.