Fasfo Kafin Alli

Duk shekara matasan da suka gama jami'a a Amurka da Birtaniya kan ɗauki jaka su nufi Koriya ta Kudu koyar da Turanci. Wasu gwamnati ke ɗaukarsu ta shirin EPIK, wasu kuma makarantun lesin na kuɗi da ake kira hagwon, inda yara ke zuwa bayan an tashi daga makaranta, su kai har dare. Galibi akan ba malami ɗakin kwana kyauta.

Amma bizar wannan aiki, E-2, fasfo take fara dubawa. Ƙasashe bakwai ne a sahun gaba: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Ɗan Najeriya da ya yi karatunsa kaf da Turanci, ya shekara da shekaru riƙe da alli a gaban allo, ba ya cikin lissafi. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Wanda ya samu shiga ma, bizarsa na ɗaure da mai makarantar. Ko da albashi ya makara, da wuya ya sauya wurin aiki kafin kwantiragi ta ƙare, sai maigidan ya rubuta masa takardar sallama.