Buɗe Iyaka Ba Tare da Ɗakin Awo Ba: Lacca a Birnin Ƙonni

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne.

Ba sai na maimaita muku tarihin yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka ba. Kun san an sa mata hannu a Kigali cikin Maris 2018, aka ƙaddamar da ita a Yamai ranar 7 ga Yuli 2019. Kun san mu a Nijar mun fita daga CEDEAO a Janairu 2025, muna nan cikin UEMOA, kuma kaya ba su daina ƙetarawa tsakanin Ƙonni da Illelar Najeriya ba. Rigimata da abokan aikina masana tattalin arziki ta daɗe. In suka zauna kan waɗannan takardu, kuɗin duwan suke ƙirgawa, da yawan albasar Galmi da simintin Malbaza da za a fitar. Matar da ta tafi kasuwa awon wake ba ta cikin lissafinsu.

To mu tsaya kan waken. A Yuni 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, don awonta ya nuna maganin dichlorvos da ke cikinsa ya zarce iyakar da ta sa, wato miligiram 0.01 a kowane kilo. Maganin nan shi ne piya-piya. Shi ne ake ɗurawa a 'yan kwalabe marasa takarda, a jera su bisa tebur cikin rana, dab da ashana da magi, a kasuwar Ƙonni ko ta Badagishiri. Ɗan kasuwar da ke tsoron ƙwari su cinye masa jari kafin wake ya yi tsada, sai ya yayyafa shi ya ɗinke bakin buhu. Abin da nake so ku lura da shi: dokokin Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya tun 1995 sun yarda ƙasa ta mai da kayan da ke cutar da lafiya, yarjejeniyar Afirka ma ta yarda, amma da sharaɗin a kawo hujja ta kimiyya. Bature ya kare cikinsa ne saboda yana da ɗakin awo da zai fitar masa da hujjar. Mu kuwa an ba mu haƙƙin a rubuce, abin da za mu tabbatar da shi yana Yamai, tafiyar kilomita sama da 400. Mai tuyar ƙosai a Tsarnawa hancinta kaɗai take da shi. Kwamitin magungunan ƙwari na ƙungiyar ƙasashen Sahel, CILSS, yana fitar da jerin waɗanda aka amince da su, sai dai ina so a nuna mini wanda ke riƙe da jerin nan lokacin da ake sauke katan a tasha.

Maganin asibiti ma haka. Manyanmu sun tuna annobar sanƙarau ta 1995, da aka yi wa dubban mutane allurar jabu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutuwar mutum 2,500.

Wasu na cewa gasa za ta kori mugun kaya da kanta. Mai jika ɗaya a aljihu araha yake bi, kuma guba ba ta nuna kanta ranar da aka ci ta. Wasu kuma na cewa a rufe iyaka. Najeriya ta rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa a 2023. Kayan suka koma kan babura ta cikin daji, farashi ya hau, ba wanda ya duba ko kwali ɗaya.

Shawarata ba sabuwa ba ce. A buɗe reshen ɗakin awon nan na Yamai, LANSPEX, a nan Ƙonni, ya yi wa Malbaza da Illela aiki, a biya shi daga abin da duwan ke karɓa a wannan iyaka. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2015 a fito da ita daga aljihun tebur, a ba ƙungiyoyin masu saye irin ADDC-Wadata ikon ɗibar kaya a kasuwa su kai awo. Kowane maganin ƙwari ya zo da gargaɗi da Hausa. A rage kuɗin buhun nan mai ruɓi uku da cibiyar binciken noma ta INRAN ta gwada a Maraɗi, tunda yana ajiye wake ba da magani ba. Wakilanmu kuma kada su ƙara sa hannu kan rage kuɗin duwan na abinci ko magani sai an rubuta wanda zai biya kuɗin awo.