Soket a Daɓen Ɗaki

Yanzu da gine-ginen zamani suka yawaita a kewayen Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wajibi ne duk mai niyyar binne soket a daɓe ya tuna cewa nan ne ruwan alwala da danshin damina ke taruwa, kuma idan suka sadu da wuta mai ƙarfin bolt 230, wanda ya taka ba takalmi shi ne hanyarta zuwa ƙasa. Fis kuwa ba ya tsinkewa sai wutar da ke ratsa shi ta wuce ƙimarsa, don haka ba ya kare mutum daga wannan haɗari. Saboda haka ma'abota ilmin lantarki suka sharɗanta na'urar da ke yanke wuta nan take da zarar miliyamfa 30 ta ɓalle. Binciken irin wannan aiki kuwa haƙƙin hukumar NEMSA ne tun 2015.