Yadda 'yan firamare suka tattara tatsuniyoyin Ayalan

 Yau mun nufi Ayalan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila.

Ranar 30 ga watan Yuni na 1922, kwana biyu da ɓarkewar yaƙin basasa, wata ƙara ta girgiza birnin Dublin. Mayaƙan da suka ƙi yarjejeniyar da aka ƙulla da Birtaniya sun yi sansani a harabar manyan kotunan ƙasar, inda ma'ajiyar takardun gwamnati take, suka jibge albarusai a wurin. Sojojin sabuwar gwamnati kuwa na ta yi musu luguden wuta. Da abin ya tashi, takardun kusan shekara 700 suka ƙone: wasiyyoyi, bayanan shari'a, rajistar coci-coci, da mafi yawan takardun ƙidayar jama'a daga 1821 zuwa 1851. Gutsattsarin takardu masu baƙin baki suka yi ta zubowa a titunan birnin. Har yau masana na gardamar wanda ya jawo fashewar.

To amma akwai wata ma'ajiyar da ita ma take lalacewa, ba tare da ƙara ko hayaƙi ba. Tun bayan babbar yunwar da ta fara a 1845, wadda ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya ta kori wasu miliyan ɗaya, harshen ƙasar na asali ke ja da baya, Turanci na maye gurbinsa. Ya koma bakin manoma da masunta na gaɓar yamma. Duk tsohon da aka binne, da labaransa yake tafiya.

Wani matashin malami, Séamus Ó Duilearga, ya je yankin Kerry a 1923 don ya ƙware a harshen. Can ya haɗu da Seán Ó Conaill, manomi kuma masunci, wanda bai iya karatu da rubutu ba, amma kansa cike yake da almara. Shekaru ya yi yana komawa yana rubuta abin da tsohon ke faɗa. A 1935 gwamnati ta kafa hukumar tattara adabin baka, aka ba Ó Duilearga shugabancinta.

Ku dubi yadda ma'aikatanta ke aiki a lokacin. Mutum zai ɗaura na'urar ɗaukar murya mai suna Ediphone a bayan keke, ya bi ƙauye, ya zauna bakin murhu da dare. Na'urar tana zana muryar ne a jikin wani kasko na kaki mai siffar gwangwani. Washegari sai ya saurara, ya rubuta kalma bayan kalma, ya aika Dublin. A can, saboda ƙarancin kuɗi, akan kankare kakin a sake amfani da shi. Don haka maganar ta tsira, amma yawancin muryoyin sun tafi. Duk wanda ya taɓa jin tatsuniya a bakin kaka ya san girman wannan asara.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta 1937 zuwa 1939. Aka umarci 'yan firamare su koma gida su tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta. Yara fiye da 50,000 daga makarantu 5,000 suka shiga, suka cika shafi kimanin 740,000. Maganin tari da na ƙurji, camfi, karin magana, kacici-kacici, wasannin yara, sunayen gonaki, labarin yunwa. A ƙasan shafi yaro kan sa sunan wanda ya ba shi labarin, da shekarunsa, da ƙauyensu. Abin da tsohuwa ba za ta buɗe wa baƙo daga birni ba, jikarta za ta ji shi ana dafa dankali.

Ba a rasa tangarɗa ba. Wasu yaran daga littafi suka kwafa, malamai sun gyara wasu, kuma akwai zancen da ba a yi da yaro. Sannan gundumomi 26 na kudu kawai shirin ya shafa, ban da shida na arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya. 

A 1971 hukumar ta koma ƙarƙashin jami'ar University College Dublin, kuma a 2017 UNESCO ta sa tarin a kundinta na taskokin tarihin duniya. Yanzu an ɗora rubutun yaran a intanet, a shafin Dúchas, masu aikin sa kai na buga shi a kwamfuta. Takardun da suka ƙone kuwa, a 2022 aka buɗe ma'ajiyarsu ta intanet, daga kwafe-kwafen da aka tsinto a wasu ɗakunan ajiya na gida da waje.