AKU DA WAZIRI: TSAKANIN BIYAYYA DA RIƘON AMANA

(Laccar da aka gabatar a taron ɗaliban ƙasar Haɗejiya da ke jami'o'i, lokacin hutun ƙarshen shekara, a cikin garin Haɗejiya)



Da aka nemi in yi magana a wannan taro, na san wasu sun sa ran zan ɗauko batun noman rani ko na neman aiki. Da suka ji zan yi magana kan wasan talabijin, har akwai wanda ya tambaye ni ko abin faɗa ne ya ƙare mini. To, ina roƙon ku yi mini haƙuri na ɗan lokaci. Na lura cewa gardamar da ta fi zafi a ɗakunan kwananmu na jami'a, bayan ta ƙwallo, ita ce gardama kan mutanen cikin wasa: wane ne mutumin kirki, wane ne maci amana. Mutum ba ya ɗaga murya har jijiyar wuyansa ta fito a kan abin da bai shafe shi ba. In muna shari'a ga mutanen cikin wasa, kanmu muke yi wa shari'a, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Wasan da zan ɗora maganata a kai namu ne na gida, watau Magana Jari Ce. Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911 ya rasu a 1981, shi ya rubuta littafin kashi uku a Zariya, aka buga tsakanin 1937 da 1939. A cikin shekarun 1980 gidan talabijin na NTA ya mai da shi wasan kwaikwayo mai dogon zango, kuma marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, yana cikin waɗanda suka fito a ciki. Iyayenmu da yayyenmu sun kalle shi a zamanin da akwatin talabijin ɗaya ke tara yaran unguwa guda a tsakar gida.

Ƙashin labarin kowa ya san shi. Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji ya fita yaƙi da Sarkin Sinari. Ya bar ɗansa Musa a gida, ya hana shi fita. Wazirinsa, wanda ya fi kowa kusa da shi, ya haɗa baki da abokan gaba don kwaɗayin sarauta, yana neman hanyar da Musa zai fito a hallaka shi. A cikin gidan kuwa akwai wani Aku mai magana, wanda aka saya da kuɗi. Duk sa'ad da Musa ya yi shirin fita, sai Aku ya ɗauko labari, ya riƙe shi da shi har gari ya waye. Da haka ya tsare shi har Sarki ya dawo. Asirin Waziri ya tonu, aka naɗa Aku a matsayinsa.

Yanzu bari mu yi abin da masu kallo suka saba yi, mu sa su biyun a ma'auni. In ladabi ake nema, Waziri ya fi. Shi ne mai faɗuwa gaisuwa, shi ne mai “ranka ya daɗe” a baki kullum, ba a taɓa jin ya musa wa Sarki a gaban fada ba. Aku fa? Duk daren duniya saɓa wa ɗan Sarki yake yi. Musa yana son fita, Aku yana hana shi. Da za a tambayi Musa a cikin waɗannan darare wa ke ƙaunarsa, da wuya ya ambaci tsuntsun da ke ɓata masa shiri. Amma mu da ke zaune gaban akwati mun san wanda ke haƙa masa rami da wanda ke tsare ransa.

Wannan shi ne abu ɗaya da na zo in faɗa yau. Hausa tana da kalmomi biyu da muka saba gwamutsawa: biyayya da riƙon amana. Biyayya ana yin ta ne ga wanda ke tsaye a gabanka. Amana kuwa ana riƙe ta ne domin wanda ba ya nan. Sarki Abdurrahman yana can fagen daga, ba ya gani, ba ya ji, ba shi da ikon sāka wa Aku ko hukunta shi a wannan dare. Musa kuwa yana nan, da fushinsa da ƙarfinsa. Aku ya zaɓi haƙƙin wanda ba ya nan a kan son ran wanda ke nan. Waziri ya yi akasin haka: ya cika idon Sarki da ladabi, ya juya baya ya sayar da shi.

Amma kada mu yi saurin wanke Aku tas. Na taɓa jin wani abokin karatuna, mai kaifin basira, yana cewa Aku ma mayaudari ne. Hujjarsa ita ce, bai fito fili ya ce wa Musa “ba za ka fita ba” ya tsaya a kan haka ba. Ya riƙa nuna kamar yana tare da shi, alhali jan lokaci yake yi. Ya ce mene ne bambancinsa da Waziri, tun da dukansu fuska biyu gare su? Tambayar tana da nauyi, kuma ba ta kamata a kore ta da dariya ba.

Amsarta tana cikin asalin labarin. Dabarar aku mai riƙe mutum da tatsuniya ta girmi Imam da ɗaruruwan shekaru. Akwai ta a wani tsohon littafin Farisa mai suna Tutinama, na ƙarni na 14, wanda shi ma ya samo ta daga Indiya. A can tsuntsaye biyu ne mai gida ya bari. Da uwar gida ta yi niyyar fita zuwa aikin assha, tsuntsuwa ta farko ta faɗa mata gaskiya gatsau, nan take ta kashe ta. Aku ya ga abin da ya faru, ya gane cewa gaskiyar da ta mutu tare da mai faɗinta ba ta tsare kowa ba. Sai ya sake hanya, bai sake manufa ba. Saboda haka bambancin Aku da Waziri shi ne wanda kowannensu ke yi wa aiki a ɓoye. Abin da Aku ya ɓoye, da an tone shi a gaban Sarki, yabo zai jawo masa. Abin da Waziri ya ɓoye, da aka tone shi, ya hallaka shi. Ga ma'auni mai sauƙi da kowannenmu zai iya ɗauka: in mai amanar ya dawo ya ga abin da na yi a bayansa, zan so ya gani?

Ƙannenmu na yanzu wataƙila ba su kalli wancan wasa ba. Su nasu shi ne Game of Thrones, wasan Amurka na sarauta da dodanni masu aman wuta, wanda aka nuna daga 2011 zuwa 2019, kashi 73. Abin mamaki, gardamar ɗaya ce. A ciki akwai Ned Stark, wanda matsayinsa kamar na waziri ne ga Sarki Robert. Mutum ne mai gaskiya. Da ya gano asirin matar Sarki, sai ya je ya faɗa mata tun bai shirya ba, don tausayin 'ya'yanta. Kafin zangon farko ya ƙare an fille masa kai, ƙasa ta faɗa yaƙi. Shi ne tsuntsuwar farko. Akwai kuma Jaime Lannister, dogarin da ya yi rantsuwar tsare Sarki Aerys, sa'an nan ya kashe shi da hannunsa. Duniya ta yi ta kiransa makashin sarki, sai daga baya mai kallo ya ji cewa Sarkin ya ba da umarnin a ƙone birnin da mutanen cikinsa. Jaime ba waliyyi ba ne, don ya aikata munanan abubuwa da ba za a yafe masa cikin sauƙi ba. Amma a wannan rana guda ya karya biyayya domin dubban mutanen da ba sa cikin fada, ba su kuma san an yi ba.

To, mu mutanen Haɗejiya ba ma bukatar zuwa Amurka kafin mu sami irin wannan tambaya, don tarihinmu cike yake da ita. Sarki Buhari ɗan Sambo ya hau gadon sarauta a 1848. Bayan kisan Sarkin Auyo Nalara, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya sa aka tuɓe shi a 1850, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Buhari bai yarda ba. Ya dawo ya ƙwace garin a 1851, ya ci gaba da mulki ba tare da bin Sakkwato ba, ya karya rundunar da aka haɗo masa a Gamon Kafur, har ya rasu a yaƙin Gogaram a ƙasar Bade a 1863. Ku ɗauki kanku a matsayin barde guda a cikin garin nan a 1850. Sarkinka na cewa bi ni, Sarkin Musulmi na cewa bi ɗan'uwansa. Duk inda ka juya, wani zai kira ka mai biyayya, wani ya kira ka maci amana. Har yau masana tarihi ba su daina saɓani kan Buhari ba, ni kuwa ban isa in raba musu gardama ba.

Sai kuma ranar 25 ga Afrilu, 1906, sa'ad da rundunar Ingila ta shigo garin nan. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi tare da jama'a masu yawa daga cikin 'ya'yansa da hakimansa da bayinsa, shi ya sa muke kiransa Mai Shahada. Waɗanda suka tsaya tare da shi sun san bindigar da ke gabansu ta fi ƙarfin takobinsu. A wannan rana biyayya da amana sun haɗu a wuri guda, kuma farashinsu rai ne. Irin wannan rana ba ta cika zuwa ba. Yawancin ranakun da za ku gani, su biyun rabuwa za su yi a hankali, a kan tebur, ba ganga ba kuge.

Nan ne maganar ta iso gare ku. Da yawa daga cikinku kun fara aikin gwamnati, sauran kuna hanya. A ofis za ku sami Musa, watau na gaba da ku, mai ikon ciyar da ku gaba ko tura ku ƙauyen da ba hanyar mota. Amma Sarkin da ya ba ku amana ba ya cikin ofis. Yana can Guri da Kirikasamma da Auyo, tsaye cikin ruwa har gwiwa yana dashen shinkafa, ko cikin kwalekwale yana jan koma.

Ku dubi kogin nan namu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ke malalowa fadamun Haɗejiya zuwa Nguru ya daina bin damina kaɗai, ya koma yana bin shawarar mutanen da ke riƙe da alƙalami. Faɗin ƙasar da ambaliyar shekara ke jiƙawa ya ragu, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, a wasu shekarun kuma, kamar 2022, ruwa ya zo da yawa ya cinye gonaki da gidaje. Masunci da manomi da makiyayi ba sa zama a wurin da ake yanke shawarar sakin ruwa ko kuɗin yashe kogi ko rabon kayan agaji. Wanda ke zama a wurin ɗayanku ne: injiniya, akawu, malamin gona. Ranar da aka miƙo maka takarda aka ce sa hannu an gama aiki, alhali ka san ba a gama ba, ranar ce za a san ko kai Aku ne ko Waziri.

Ba ina ce muku ku zama masu tsaurin ido ga shugabanninku ba. Ladabi ado ne, aiki kuma ba ya tafiya in kowa ya zama sarkin kansa. Ba kuma ina ce muku ku yi irin na tsuntsuwar farko, ku faɗi magana ranar farko a kore ku ranar biyu, a kawo wanda zai sa hannun ba. Ku koyi sana'ar Aku. Ku san dokar aikinku fiye da wanda ke neman ku karya ta. Ku rubuta shawararku a takarda cikin ladabi, ku ajiye kwafi. Ku nemi abokan aiki masu irin halinku, don sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ku iya baki, domin sunan littafin ma abin da yake koyarwa ke nan. Amma in dabara ta ƙare, ba sauran labarin da za a ja dare da shi, sai a tuna cewa akwai abin da ya fi kujera tsada.

Akwai abu ɗaya da wasa ya fi rayuwa sauƙi a kansa, kuma bai kamata in ɓoye muku shi ba. A cikin Magana Jari Ce Sarki ya dawo, gaskiya ta bayyana, Aku ya sami rawani. A ofis kuwa, sau da yawa Waziri ne ke gina bene, Aku ya yi ritaya yana bin kuɗin fansho. Manomin Guri ba zai taɓa sanin sunanka ba, balle ya gode maka. In lada daga mutane kake jira, ka yi asara tun yanzu. Mai riƙon amana na gaskiya ya san cewa akwai Wanda ba ya tafiya yaƙi Ya bar gida, ba ya kuma bukatar a ba Shi labarin abin da aka yi a bayan ido.

Saboda haka, in kun koma makaranta gardama ta sake tashi kan wane ne mutumin kirki a cikin wasa, ku yi ta da zafi yadda kuka saba. Sai dai in an watse, kowa ya tambayi kansa amanar wa ke hannunsa, kuma ina mai ita yake a wannan lokaci.

 Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu ikon riƙe abin da aka damƙa mana.