Jawabin ranar addu'ar arba'in ta tsohon malamin sana'a a Maraɗi



Wanda aka taru dominsa yau bai taɓa riƙe muƙami ba, bai kuma bar gidan bene ba. Shekara 33 ya yi yana koyar da aikin katako da na ƙarfe a garin nan na Maraɗi, tun daga 1975 har ya ajiye aiki a 2008. Yara Mushe suke ce masa. Tsofaffin ɗalibansa kuwa, har waɗanda suka yi furfura, Baba suke kiransa.

Ya kama aiki a zamanin da kuɗin uraniyom na Arlit suka fara shigowa baitulmali, lokacin da burin kowane uba shi ne ɗansa ya samu kujera a biro. Ajin marigayi nan ake tura yaron da aka ce kansa ba ya ɗaukar karatu. Wannan raini ya daɗe yana ci masa rai, amma bai taɓa sauke fushinsa a kan yara ba. Ranar farko ba ya ba ɗalibi zarto ko guduma, sai ma'auni da fensir. Yaro zai yi mako guda yana awo yana jan layi, har ya gane da kansa cewa lissafin da ya gagare shi a allo shi ne dai a jikin katako. Teburin da ƙafarsa ɗaya ta gaza ko da kaurin farce ne, sai an kwance shi an sake. Yana da zafi a nan, kowa ya sani, akwai ma waɗanda suka gudu.

Shekarun da suka nuna ko shi wane ne sun zo daga baya. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 an samu jam'iyyu da jaridu, amma aljihun gwamnati wayam. Ma'aikatan da ke zaune a nan ba su manta ba: wata ya mutu, wani ya tsaya, ba albashi, ga yajin aiki, ga shekarar karatu tana tafiya a banza. Sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin Faransa ɗaya da ake saye sefa 50 ya koma 100. Duk wani ƙarfen aiki da ke zuwa daga Turai ya yi tsadar da makaranta ba ta iya kai hannu. A irin wannan lokaci ne kayan gwamnati ke yin ƙafa su tafi kasuwa. Mabuɗin ɗakin kayan aiki yana hannun marigayi, gidansa babu hatsi, kuma akwai masu saye. Ko ƙusa ba ta ɓata ba. Da dare yana gyaran ƙofofi da kujerun mutane a zaurensa don ya samu na cefane, da safe ya buɗe aji ko da yara biyar ne suka zo. Da kayan suka lalace, ya koya wa ɗalibai ƙera kurfi da bakin abin fiƙe katako daga tsohon ƙarfen mota, su yi murhun Mai Sauƙi da gutsuren kwano.

Alhazai su duba ƙofofin shagunansu da amalanken da ke kai masu kaya daga tasha, ma'aikata su tuna bencin da ƴaƴansu suka zauna a kai. Da wuya a rasa hannun wani ɗalibinsa a ciki. Duk da haka har gobe mai kuɗi ya fi son a ce kujerarsa daga waje ta zo, kuma uban da ɗansa ya ci jarrabawa yana jin kunya idan yaron ya ce walda yake so.

Iyalan marigayi ba su roƙi kuɗi ba. Ya bar akwatin kayan aikinsa na kansa, kowane ƙarfe a goge da mai, da wasiyya cewa a ba ɗalibin da zai buɗe shago ya ɗauki yara. An samu ɗalibin, abin da ya rage rumfa da wutar lantarki. Takardar masu son taimakawa tana hannun liman, kuma wanda ke da shagon da ba kowa ciki kusa da babbar kasuwa ya yi magana kafin a watse.

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. A yi masa Fatiha.