Jawabin Sakataren Ƙungiya Kan Tafiyar Jirgi Tsakanin Kano da Yamai



Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Diori Hamani da ke Yamai, kimanin kilomita 700 ne ta sama. Jirgin da ya miƙe kai tsaye, sa'a ɗaya da 'yan mintuna ya sauka. Ta mota kuwa, Katsina, Jibiya, Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso, an haura kilomita 900, ga shingaye. Wanda ya fita da asuba, da ƙyar ya yi isha'i a Yamai.

Amma mai neman tikiti, sau da yawa sai ya gangara Legas, ya ratsa Lome, sannan ya dawo arewa. Kuɗi ya tafi, yini ya tafi, wani ya riga shi ciniki.

Kamfanin jirgi ba ya buɗe hanya sai ya tabbatar akwai fasinja. Saboda haka mun ajiye rajista a bakin ƙofa. Kowa ya rubuta sau nawa yake zuwa Yamai ko Kano a shekara. Da wannan lissafi za mu tunkari kamfanoni da hukumomin ƙasashen biyu.

Allah ya albarkaci kasuwarmu.